Kebul ɗin da na bari yana lilo

Tun ranar da sunana ya fito a sashen Mekanikal, Baba ya daina kirana da sunan yanka. Injiniya kawai. Fanka ta tsaya, a kira Injiniya. Famfo na ɗiga, ina Injiniya? Duk wanda ke sashenmu ya san irin kayan da ake ɗora mana a gida tun ba mu gama ND 1 ba, kuma mu faɗi gaskiya, daɗi muke ji. Ni ma na ji daɗinsa, har zuwa lokacin da ya kusa cinye mini kuɗin makaranta.

Baba na da Camry ƙirar 1998, irin wadda ake ce wa fensir saboda siraran fitilunta na baya. Da kuɗin sallamarsa ya saye ta bayan ya yi ritaya daga koyarwa. Kullum da safe yakan kwashi yaran unguwa ya kai su makaranta, da rana ya ɗauko su, wata ya ƙare iyayensu su biya. A nan cefanen gidanmu yake fita, a nan rajistata take fita. Otomatik ya saya da gangan, don gwiwarsa ta hagu ta daɗe da ƙin taka kuloci.

Bara lagireto ya fashe masa a hanyar Zariya, bai lura ba sai da inji ya yi zafi ya buga. Injin motar na asali 5S-FE ne, mai lita 2.2. Da aka tambayo kuɗin na Kwatano, Baba sai ya yi shiru, don tun da Naira ta faɗi a 2023 kayan mota suka zama sai mai hali. Bakaniken da muke kai wa ya kawo shawara a sa 3S-FE mai lita 2.0. Ya ce dangi ɗaya ne, zai hau kan giyabos ɗin ba tare da an fasa komai ba, kuma ya fi araha. Baba ya juyo ya ce, "Injiniya, me ka gani?" Na kwana a hostel ina bincike a waya, da safe na ce a sa. Har yau ban ga laifin wannan shawarar ba. Injin ya hau daidai, kuma har gobe lafiyarsa ƙalau.

Kwana biyu na yi a gareji ina tsaye a kan aikin, wai ni mai sa ido. Injin da aka kawo daga mota mai manuwal aka ciro shi, don haka suka kwance filawil ɗinsa suka ɗaura farantin otomatik na tsohon injinmu. Wannan na gani, na kuma gane. Da aka zo rufe bonet sai na hangi wani kebul ya taso daga jikin giyabos, an naɗe bakinsa an ɗaure da igiyar roba a gefe, bai kama komai ba. Na ce, "Oga, wannan fa?" Ko ɗagowa bai yi ba ya ce, "Na kikdan ne, na masu gudu. Baba tsere zai yi?" Yaransa suka kwashe da dariya. Ni ma na yi dariya, don kar a ce ɗan boko bai san komai ba sai tambaya. Tsohon injin kuwa a ranar muka sayar wa 'yan gwangwan, da duk abin da ke jikinsa.

Mota ta tashi lafiya. Tana shiga ɗaya, biyu, uku, huɗu sumul, har Baba yana cewa ta fi da laushi. Ashe laushin nan shi ne ciwon.

Wajen wata huɗu aka yi kafin ta fara nuna hali. In ta ɗauko yara ta zo hawan gadar Kawo, tsakanin giya ta biyu da ta uku sai inji ya yi kuka sama, mota kuma ba ta ƙara gudu ba, sai can ta kama da ɗan fizga. Daga baya ribas ma ya fara: ka sa, ka ƙirga ɗaya, biyu, uku, sannan ta motsa. Baba ya kira ni ranar wata Asabar. Na zaro sandar awon man giya na shafa a farar takarda. Man da ya kamata ya zama ja garau ya koma kalar shayin da aka manta a kan wuta, ga ƙauri kamar an babbaka tsumma. Aka jona mata kwamfuta, ba ta nuna komai ba. Aka juye mai aka zuba sabo, ta yi sati guda kamar ta warke, ta koma.

Nan fa shawarwari suka yi ta zuwa, kun san mota in ta lalace kowa a majalisa bakanike ne. Wani ya ce a mayar da ita manuwal a huta, otomatik ba ta ƙasar nan ba ce. Ba su san zancen gwiwa ba. Wani ya ce a buɗe giyabos a canza faifan kuloci, wani ya ce wanda aka buɗe ba ya komawa daidai, a sayo na Kwatano kawai. Bakanikenmu ma Kwatano ya ce, wai giyar ce ta tsufa, dama lokacinta ya yi. Kuɗin da ya faɗa ya yi kusan daidai da abin da Baba ya ajiye na rajistata ta HND. Iyayen yara biyu kuma sun riga sun nemi mai Keke, don sau biyu motar na tsayawa da 'ya'yansu a hanya.

Wani abokina da ya yi SIWES a Panteka ne ya ce kafin mu biya ko sisi mu je wurin wani dattijo da ya yi aiki a ƙarƙashinsa, wanda ba ya taɓa komai sai giyar otomatik. Muka lallaɓa da motar. Dattijon bai tambaye ni komai ba. Ya sunsuna man, ya girgiza kai, ya leƙa bayan inji, ya sa yatsa ya ɗago kebul ɗin nan da igiyar robarsa.

"Ɗana, wa ya yi wannan?"

Na ce ai na kikdan ne, an ce ba shi da amfani.

"An ce. Kai kuma me ka ce? Ba a Poly kake ba?"

Ban taɓa jin kunya irin ta ranar ba. Ya sa aka kawo mini benci, ya ɗauko wani mataccen giyabos irin namu da ke buɗe a ƙasa, A140E, ya yi mini darasin da zan so a ce duk 'yan ajinmu sun ji. Abin da na fahimta ke nan. A cikin giyar otomatik babu ƙafar da ke taka kuloci, mai ne ke yin aikin. Akwai famfo da inji ke juyawa, shi ke tura mai da ƙarfi ya matse jerin faya-fayan kuloci su kama juna. Faya-fayan nan fuskarsu wata irin takarda ce mai kauri. In matsin ya isa, suna kamawa gam. In bai isa ba, sai su riƙa zamewa a kan juna, su yi zafi, takardar ta ƙone ta zube cikin mai. To ƙarfin da inji ke bayarwa ba ɗaya ba ne kullum: mota a tsaye daban, mota cike da yara a kan gada daban. Dole giyabos ya san yadda direba ya taka totur don ya ƙara matsi daidai da nauyin. A wannan ƙirar, kebul ɗin nan ne ke gaya masa. Kansa ɗaya na maƙale a bakin iskar inji, wanda kanikawa ke kira bakin injekta, ɗayan kuma na jan wani bawul a cikin giyabos. Ka taka totur, kebul ya ja, matsi ya hau. Namu da ke ɗaure a gefe, wata huɗu giyabos na ɗauka ƙafar Baba ba ta kan totur, alhali yana hawa gada da yara shida.

Na ce to me ya sa take canza giya daidai? Ya ce saboda lokacin canjin kwamfutar mota ce ke yanke shi, ta hanyar wasu bawul masu aiki da lantarki, su kuma lafiyarsu ƙalau. Shi ya sa na'ura ba ta ga laifi ba, don babu wayar wuta ko ɗaya a jikin kebul ɗin. Ya nuna mini kulocin da ke aiki a giya ta uku, ya ce shi ne dai ke aiki a ribas, shi ya sa suka lalace tare. Dalilin da aka bar kebul ɗin kuwa ba wani abu ba ne: bakin injektan motar manuwal ba shi da wurin maƙala shi. Wanda ke da wurin yana jikin tsohon injinmu, wanda na tsaya da kaina aka ɗora a kan sikelin 'yan gwangwan.

Abin da ya fi ci mini rai, a zangon da ya wuce na ci jarrabawar Fluid Mechanics da maki mai kyau. Na iya zana dokar Pascal ido rufe, matsi sau faɗin wuri ya ba ka ƙarfi. Ga ta nan a gabana cikin baƙin mai, ban gane ta ba. Ba na cewa laifin malamanmu ne. Ni ne na ga abu a kwance, na yi tambaya sau ɗaya, dariyar yara uku ta rufe mini baki.

Dattijo ya ce giyabos ɗinmu ya riga ya tafi, garin takarda ya shiga ko'ina. Zai iya buɗewa ya gyara, amma samun faya-fayai na ƙwarai a kasuwa yanzu sai an dace, kuma in aka haɗa da kuɗin aiki kusan ɗaya ne da na Kwatano. Ya ce mu sayo, amma shi zai zaɓa. Sannan ya faɗi maganar da ta sa na ji sanyi a bayana: da mun bi shawarar farko an ɗora wani giyabos kebul na nan a ɗaure, kafin Babbar Sallah da mun sake dawowa neman na uku.

Da daddare na samu Baba a ƙofar gida bayan sallar isha'i. Na gaya masa komai, har dariyar. Ya daɗe bai ce komai ba, sannan ya ce, "To, Allah ya kiyaye gaba. Nawa ne?" Da ya yi faɗa da ya fi mini sauƙi. Kuɗin rajistar aka ɗauka. Yayata da ke aure a Kano ta ranta mana rabi, ni kuma na sayar da kwamfutata na cike sauran, shi ya sa waɗanda suka gan ni ina yawon aron laftof lokacin asayimen, ga dalili.

Aikin kwana uku ya ɗauka, wannan karon da rigar aiki na je. Dattijo ya ƙi karɓar giyabos biyu kafin na uku, kowanne sai ya kwance farantin ƙasa ya duba maganaɗisun da ke ciki ya ga yawan garin ƙarfe. Ya sa na wanke bututun da ke kai man giya cikin lagireto ya huce, na yi ta hura iska har sai da ya daina fitar da baƙi, don dattin tsohon kaɗai ya isa ya kashe sabon. Ya nuna mini yadda ake juya kwanbata ana turawa har ta zauna sosai kafin a haɗa da inji, in ba haka ba famfon ciki ne zai fashe tun a tashin farko. Ya tuna mini cewa a wannan giyabos ɗin difiransha na da nasa wurin zuba mai daban, mutane da yawa na mantawa su bar shi a bushe. Muka zaga kasuwa muka samo bakin injekta na motar otomatik. Da aka zo ɗaura kebul ɗin sai ya miƙo mini sifana ya koma gefe. Akwai wani ɗan ƙarfe a jikin wayar, tazararsa da bakin robar kada ta wuce milimita ɗaya. Sau uku ina ɗaurewa yana cewa in kwance.

Yanzu wata biyar ke nan. Motar na canza giya da ɗan ƙarfi fiye da da, Baba ya yi ƙorafi a satin farko, na ce masa haka ake so. Ɗaya daga cikin yaran da suka koma Keke ya dawo, ɗayan bai dawo ba. Bashin yayata saura kashi ɗaya cikin uku. Duk Asabar ɗin da na je gida nakan tada motar ta yi zafi, in sa ta a P inji na aiki, in zaro sanda in shafa a farar takarda. Baba na zaune a kan tabarma yana kallona, sai ya ce, "Injiniya, ja ne?" In ce ja ne, Baba.