Ajiyar Zuciya

Jama'a, cikin abubuwan da ke damunmu, mu 'yan makaranta, akwai guda wanda ba mu cika faɗa wa juna ba, watau faɗuwar gaba. Takan zo mana ran jarrabawa, takan kuma zo ran da aka ce mu tsaya gaban yara mu koyar, malami na zaune can baya da alƙalami yana duba mu. Sai ka ga mutum ya kwana uku yana shirya darasi, amma da ya ɗauki alli sai bakinsa ya bushe, hannunsa ya kama rawa, abin da ya sani sarai ya ɓace masa. Waɗansu sukan ce ragwanci ne, alhali kuwa halitta ce ta jikin ɗan Adam.

A shekarar 1915 wani masani na jami'ar Harbad ta Amurka, ana ce da shi Walter Cannon, ya buga littafi a kan wannan al'amari. Ya nuna cewa in tsoro ya kama mutum, jiki yakan yi shirin faɗa ko gudu. Zuciya ta ƙara bugu, jini ya tafi ga naman hannu da ƙafa, ciki ya dakata da narkar da abinci, yawu ya ƙafe. Wannan shiri yana da amfani ga wanda ya yi kiciɓis da kura a daji. Amma takardar jarrabawa ba a kokawa da ita, yaran aji kuwa ba a guje musu. Saboda haka sai mu zauna da shirin a jikinmu yana cinmu.

To, ina dabara? In mun ce wa zuciya ta sassauta, ba za ta ji ba. Haka kuma gumi, ba mu da iko mu hana shi tsatsowa. Numfashi ne ya yi dabam. Yana tafiyar da kansa ko muna barci, baligi a zaune yakan yi shi kamar sau 12 zuwa 20 cikin minti guda, amma duk sa'ad da muka so muna iya kama linzaminsa. Wanda ya kama wannan linzami kuwa ya sami hanya zuwa ga zuciya.

Ga dalili. Akwai wata doguwar jijiya da ta taso daga ƙwaƙwalwa, ta bi ta wuya, ta kai ga zuciya da huhu da ciki. A shekarar 1921 Otto Loewi, a birnin Graz na ƙasar Ostiriya, ya sa zuciyar kwaɗo cikin ruwan gishiri, ya motsa wannan jijiya, bugun ya ragu. Sa'an nan ya ɗebi ruwan ya zuba wa zuciyar wani kwaɗo, ita ma ta sassauta. Da haka aka gane jijiyar tana sakin wani sinadari mai kwantar da zuciya, har aka ba shi kyautar Nobel a 1936. Mu ma muna iya gwada wani abu da kanmu. Mu ɗora yatsu a wuyan hannu inda jini ke harbawa, mu yi numfashi a hankali. Za mu ji bugun yana ɗan ƙaruwa in mun shaƙa, yana raguwa in mun fitar, gama lokacin fitarwa ne jijiyar ta fi aiki.

Kakanninmu ba su fede kwaɗo ba, amma dubi sunan da suka ba dogon numfashin da mutum kan sauke bayan wahala, suka ce ajiyar zuciya. Mutanen Indiya kuwa tun zamanin da suna da horon numfashi da suke kira faranayama. Ko a shekarar 2023 masana na jami'ar Stanford sun buga sakamakon gwajin da suka yi wa mutane wata guda, minti 5 kowace rana, suka tarar masu tsawaita fitar da iska sun fi samun daɗin rai.

Ga yadda muke yi. Mu zauna mu miƙe baya, mu saki kafaɗu, mu ɗora hannu guda a ciki. Mu shaƙa ta hanci muna ƙirga 4 a zuci, mu bar ciki ya taso ya tura hannun, kada kafaɗu su ɗaga. Sa'an nan mu saki iskar sannu sannu muna ƙirga 6, kamar mai hura koko mai zafi. In ƙirgen ya yi daidai da sakan, numfashi 6 ke nan cikin minti guda. Kada a yi da ƙarfi ko da gaggawa, don mai haki yakan fitar da iskar kabon fiye da kima, jiri ya ɗebe shi. Wanda ya ji jiri ya dakata. Mai ciwon fuka ko ciwon ƙirji kuwa likita zai nema, wannan ba maganinsa ba ne.

Masu iya magana sun ce ba a fafe gora ranar tafiya. Wanda bai saba ba, in ya shiga ɗakin jarrabawa, ƙirgen ma sai ya rikice masa. Mu ware minti 5 da safe, minti 5 kafin kwanciya, har jiki ya saba. Kada kuma wani ya ajiye littafi ya ce numfashi ya ishe shi, gama ba ya zuba wa mutum abin da bai karanta ba, sai dai ya buɗe masa hanya ga abin da ya riga ya sani.

Abin da ya fi jarrabawa nauyi yana nan gaba. Gobe za a danƙa mana 'ya'yan mutane, za su ba mu haushi ba sau ɗaya ba, ba sau biyu ba. Fushi da tsoro kuwa hanyarsu ɗaya a jiki. Malamin da ya iya sauke numfashi uku kafin ya buɗe baki, sau da yawa zai tarar yaron da ya so ya daka wa tsawa bayani kawai yake bukata. Mu koya tun muna nan, don yaran da za su zauna gabanmu.