Gansakuka a Lambun Gida

Wanda ya tashi a Damagaram, inda ruwan shekara da ƙyar yake kai milimita 400, darasinsa na farko a noma shi ne tattalin ruwa. Manoman Tawa ma ramukan tassa suke haƙawa don kada ɗigo ɗaya ya tsere. Amma a Yawunde, inda damina biyu ke zubar da kusan milimita 1,500, wannan darasi kan zama tarko.

Haka ta kasance ga wata dattijuwa Badamagariya da aure ya kai unguwar Briqueterie, matattarar Hausawan birnin. Ta yi marmarin miyar gida, sai ta shuka yakuwa da kuɓewa da alayyafo a bayan ɗaki, cikin fangali mai zurfi kamar yadda ta gada. Kafin wata biyu ganye ya yi rawaya, gansakuka ta shimfiɗu kamar darduma har gindin bango. Kullum takan kankare ta da fartanya, bayan kwana kaɗan ta dawo.

Abin da ta gano a hankali shi ne, gansakuka ba ita ke kashe shuka ba. Ba ta da saiwa ta ainihi, ba ta kuma iya ture tsiro mai ƙarfi. Gurbin da ta tarar take cikewa: wuri mai inuwa da danshi, inda ƙasa ta danƙare, sau da yawa kuma ta yi tsami. Sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga. Ainihin cutar tana ƙarƙashi, domin saiwa tana buƙatar iska, idan kuwa ruwa ya kwanta a laka sai ta shaƙe ta ruɓe.

Gwajin ba shi da wuya. A haƙa rami mai zurfin santimita 30, a cika shi da ruwa, a bari ya tsotse, a sake cikawa. Idan ruwan bai sauka da santimita biyu da rabi cikin sa'a guda ba, ƙasar ba ta tsanewa yadda ya kamata.

Daga nan ta juya aikinta. Ta bi sawun ruwan, ta tarar indararon ɗakin a kan shukar yake zuba, sai ta yi masa hanya zuwa kwata. Ta tayar da kunya mai tudun santimita 25 a madadin fangali, ta cakuɗa ƙasar da ruɓaɓɓen taki, ba yashi ba, domin ɗan yashi cikin laka ƙara mata tauri yake yi. Ta sassabe reshen mangwaron da ya tare rana, ta barbaɗa toka kaɗan don rage tsami.

Duk mai shirin lambu, kafin ya sayi iri, ya fita tsakar gida bayan ruwan sama mai ƙarfi, ya lura da inda ruwa ya bi da inda ya kwana. A nan ne tsarin lambun yake farawa.