Molon Da Ya Fi Ni Tsawo

Ran da muka yi wasan ƙarshen zango, abokina ya tashi rera waƙa, ni kuwa ina bi masa da gita. Na dinga dukan tsirkiya iyakar ƙarfina, a zatona burge jama'a nake yi. Da muka sauko sai ya ce, "Malam, ai ba wanda ya ji kalma ɗaya daga bakina." Kwana uku ba mu yi gaisuwar kirki ba.

Malaminmu na kiɗa bai yi mini faɗa ba. Ya kira ni, ya sa mini faifan waƙoƙin wani Bajamushe, Heinrich Albert, wanda ya buga su littafi takwas a birnin Königsberg daga 1638 zuwa 1650. Baitoci da yawa abokinsa Simon Dach ne ya tsara. Murya ɗaya ce tal, a ƙarƙashinta kuwa wani abu yana gurnani a hankali. Malam ya ce sunansa tiyobo, ya nuna mini hotonsa.

Kamar babban molo yake, cikinsa kamar rabin duma, amma wuyansa dogo ne ƙwarai, har wani yakan kusa mita 2, watau ya fi ni tsawo. A Italiya aka ƙago shi wajen ƙarshen ƙarni na 16. Galibi tsirkiyarsa 14 ce, kuma dogayen ba a danne su, babban yatsa kaɗai ke taɓa su. Abin da ya fi ba ni mamaki shi ne tsirkiyoyi biyu na sama. Da hanjin dabba ake yinsu, in an ja su sosai sai su tsinke saboda tsawo, don haka akan sassauta su, muryarsu ta sauko ƙasa. Ashe ko makaɗi ya so hawa kan mawaƙi, kayansa ba su yarda masa ba!

Har wa yau, ba a rubuta masa dukan abin da zai kaɗa. Layin ƙasa kawai ake ba shi, wani lokaci da 'yan lambobi, sauran sai ya cika da kansa yana sauraron mai waƙa. In an zo baitin baƙin ciki ya rage hannu, ko da karin bai sake ba.

Da yamma na ɗauki gitata na nufi ɗakin abokina. Na ce ya fara karanta mini baitocin tukuna, don sai a ranar na lura ban ma san abin da waƙar ke faɗi ba.