Gani Ya Kori Ji

Akwai wani malamin makaranta, mutum kamili mai yawan kunya, wanda ya shekara tara yana fama da ciwon da bai taɓa kiran sunansa a gaban kowa ba. In gari ya waye ya zaga bayan gida, sai ya daɗe yana yunƙuri har gumi ya keto masa, sa'an nan ya fito da nauyin ciki kamar bai shiga ba. Da matarsa ta tambaye shi, sai ya ce basir ne, domin kuwa a ƙasar Hausa kusan duk abin da ya sami mutum daga cibiya zuwa ƙasa, basir ake ce masa. Ya sha filasko, ya sha jiƙon sassaƙe, ya sayi ƙullin masu tallar magani da lasifika a bakin tasha. Kowanne sai ya wanke masa ciki kwana ɗaya ko biyu, sa'an nan a koma gidan jiya. Sannu a hankali ya rage cin abinci, ya daina kwana a gidan mutane, har 'yan'uwa suka fara zargin girman kai ne ya hana shi zumunci.

Ana nan sai ya sami tafiya Ingila ƙaro ilmi. A can ne ciwon ya tsananta, har ta kai shi ga wani asibiti. Masu iya magana sun ce ranar wanka ba a ɓoyon cibi, saboda haka ya sunkuyar da kai ya faɗi abin da ya shekara tara yana ɓoyewa. Bayan an duba an tabbatar babu ƙari ko wani rauni a hanjinsa, sai aka yi masa wani gwaji mai sauƙi. Aka sa ƙaramin balan-balan a ƙarshen hanjinsa, aka zuba ruwa mililita 50 a ciki, aka bar shi shi kaɗai ya fitar. Mai lafiya kan fitar da shi cikin kamar minti ɗaya. Malam ya yi iyakar ƙoƙarinsa, abu ya faskara.

A nan ne aka bayyana masa yadda al'amarin yake. A ƙasan ƙugun ɗan'adam akwai tsokoki a shimfiɗe kamar daɓe, su ne ke tallafe da mafitsara da ƙarshen hanji, da mahaifa ga mata. Ɗaya daga cikinsu ta zagaye ƙarshen hanji kamar majanyi, tana jan sa gaba ta lanƙwasa shi, kuma wannan lanƙwasa na daga cikin abin da ke tsare mutum daga yin abin kunya a cikin taro. In lokacin biyan bukata ya yi, sai ciki ya tura, ita kuma tsokar ta saki, hanya ta miƙe. Tsugunno irin na gargajiya ma yana taimaka wa wannan miƙewa. To, shi Malam duk sa'ad da cikinsa ya tura, sai tsokar nan ta ƙara ɗamewa, ya zama kamar mai matsa salka alhali bakinta a ɗaure. Likitoci biyu, Preston da Lennard-Jones, na asibitin St Mark's da ke Landan, sun bayyana wannan larura a 1985. Filasko kan tsinka abin da ke cikin salka, amma ba ya kwance bakinta.

Maganin da aka ba shi horo ne da na'ura, wanda Turawa ke kira bayofidbak, watau a nuna wa mutum abin da jikinsa ke yi a ɓoye domin ya gyara. Dabarar tana da tarihi. A 1948 wani likitan mata a Amurka, Arnold Kegel, ya fito da motsa tsokokin ƙasan ƙugu ga matan da fitsari ke kufce musu bayan haihuwa, tare da wani ma'auni da mace ke duba ƙarfin matsawarta da shi. A 1974 kuma Bernard Engel da abokan aikinsa a birnin Baltimo suka nuna cewa ana iya horar da waɗanda bayan gida ke zubo musu har su iya riƙewa. A 1987 wasu masana biyu a ƙasar Holan suka juya dabarar ga masu irin ciwon Malam, waɗanda sakewa ce ta gagare su.

Ranar farko aka sa masa ɗan siririn ma'auni a dubura, aka haɗa shi da kwamfuta, aka juyo masa da allonta. Ma'aikaciyar jinya ta ce, "Malam, yi yunƙuri yadda ka saba." Ya yi, sai ga zane ya tashi sama tsaye. Ta ce, "Ka gani? Nan ya kamata ya sauka. Kai da kanka kake rufe ƙofar." Malam ya yi shiru yana kallon allo. Shekara tara yana tsammani yana sakewa, ashe ƙanƙamewa yake yi, kuma da baki kawai aka gaya masa, da wuya ya yarda. Daga nan aka koya masa ya ja numfashi ya cika ciki, ya tura a hankali, idonsa na kan zanen har ya ga ya sauko. Ya koma mako bayan mako, yana maimaitawa a masauki, har ranar da aka juya allon ga bango ya yi daidai ba tare da ya duba ba.

Kada mai karatu ya ɗauka sa'a ce ta mutum ɗaya. A 2006 Giuseppe Chiarioni da abokansa suka buga sakamakon gwajin da aka yi a Italiya kan masu wannan larura su 109. An ba kashi ɗaya horo na zama biyar, ɗaya kashin kuma maganin sassauta ciki. Bayan wata shida, kashi 80 cikin 100 na waɗanda aka horar sun sami sauƙi ƙwarai, alhali a ɗaya ɓangaren kashi 22 ne kawai.

Amma fa kowace dabara da iyakarta. Wanda hanjinsa ne ke da nawar tafiya, tsokarsa kuwa lafiya lau, wannan horo ba zai amfane shi sosai ba. Haka nan yoyon fitsari da ke samun mata bayan doguwar naƙuda ɓula ce a jiki, sai an ɗinke ta, irin aikin da ake yi a asibitin Babbar Ruga a Katsina. Wanda kuma ke ganin jini, ko yake rama ba dalili, to, a fara binciken hanjinsa tukuna, kada a tsaya kiran abin basir.

Malam ya komo gida da takardar shaidar karatunsa, ya koma aji. Abin da ya fi tsaya masa a rai shi ne, shi mai koyar da yara riƙon alƙalami, bai taɓa zaton tsokar da ba a gani ma tana ɗaukar darasi ba, ta koyi kuskure, a kuma gyara mata. Ya kan lissafa kuɗin da ya kashe a tasha da bukukuwan dangi da suka wuce shi, ya ga cewa kunyar minti goma a gaban likita ita ya guje wa har ya biya ta da shekara tara. A hutun da ya biyo baya ya tafi ƙauyensu ya kwana uku a gidan yayansa, ya ci tuwon dare har ya nemi ƙari.