Motar Da Za a Hau Gaba

Wani abokina ya manna takardar sayarwa a gilashin motarsa, Mazda MX-5, ƙaramar nan mai kujera biyu da rufin yadi da ake zugewa da hannu ɗaya. Hankalinsa ya rabu tsakanin Porsche Cayman, mai inji a bayan direba, da Corvette ta Amurka, wadda ita ma aka mayar mata da inji tsakiya a samfurin 2020. Na daɗe ina juya maganar a raina. Tun fitowarta a 1989, MX-5 ba ta taɓa taƙama da ƙarfin inji ba. Nauyinta tan ɗaya ne da 'yan kai, shi ya sa ko a gudun da doka ta yarda da shi, direba yana jin kowace kwana a tafin hannunsa, iska na kaɗa masa fuska. Manyan kuwa sai a filin tsere suke nuna iyawarsu, a titin gari tamkar dokin sukuwa ne ɗaure a turke. Ban ga laifinsa ba, domin idan mutum ya saba da abu, daɗinsa kan dusashe, sai ya ɗauka maganin yana wurin ƙari. Wataƙila ma shekaru ne, baya ya fara ciwo, zafin rana ya fara damunsa, yana son rufin ƙarfe da wurin ajiye jaka. Ina dai tunanin ko farin cikin makon farko yake nema, wanda kowace a cikinsu za ta ba shi na ɗan lokaci.