Ɗakin da ke tsakanin ofishin firinsifal da ɗakin malamai

Daga bakin titin da ɗan adaidaita sahu ya sauke ni, bayan ya karɓi naira 300, sai an ɗan taka cikin lungu kafin a iso ƙofar makarantar. Sakandaren 'yan mata ce ta gwamnati, ta jeka-ka-dawo, a cikin birnin Kano. A gindin katanga masu talla sun jeru suna jiran a tashi tara: mai awara tana ba da ɗaya naira 50, ga mai gurasa, ga yarinya da bokitin zoɓo mai sanyi, ƙulli naira 100. Maigadi, wani dattijo da carbi a hannu, ya tambaye ni wajen wa na zo. Da na ce ofishin ba da shawara nake nema sai ya yi jim, sannan ya ƙwala wa wata ɗaliba kira, ya ce ta kai ni wajen malamar gaidans.

Mun ratsa filin asambuli, muka bi ta gaban azuzuwa. Na leƙa wani ajin 'yan SS 2. Ɗalibai sun haura tamanin, huɗu-huɗu a benci, wasu a ƙasa sun ɗora littafi a gwiwa, malami a gaban allo yana ta ɗaga murya don na baya su ji. A irin wannan aji, yarinyar da ta kwana tana kuka, ko wadda ta yi mako guda ba ta ce uffan ba, da wuya malami ya lura da ita. In an kira suna ta amsa, magana ta ƙare.

Ofishin da nake nema ɗan ƙaramin ɗaki ne, an matse shi tsakanin ofishin firinsifal da ɗakin malamai. Duk wadda za ta shiga sai ta gifta ta gaban tagar malamai, ta kuma wuce bencin da ake zaunar da masu laifi kafin a hukunta su. A ciki akwai tebur, kujeru biyu da kabad na ƙarfe, sai jibgin tsofaffin takardun jarrabawa da kwalayen alli da aka rasa inda za a kai. Tagar ba labule. Ƙofar ba ta rufuwa sai an tokare ta da dutse.

Malamar ta karɓe ni da fara'a. Fannin ba da shawara ta karanta a jami'a, amma saboda ƙarancin malamai an ɗora mata darasi a azuzuwa da dama, kuma ita kaɗai ce a kan ɗalibai fiye da dubu. Ta ce yawancin waɗanda ke shigowa turo su ake yi, saboda makara ko faɗa ko an kama su da waya. Sauran kuma zaɓen darussa ke kawo su, ko cike fom ɗin JAMB. Masu zuwa da ƙafarsu don abin da ke cin ransu 'yan ƙalilan ne, su ma sai sun fake da wata tambaya ta karatu. Sai hira ta yi nisa za ta ga idanun yarinya sun ciko, sannan ainihin maganar ta fito.

Tun shekarar 1977 Manufar Ilimi ta Ƙasa ta tanadi a samar da masu ba da shawara a makarantun gaba da firamare, don haka wannan ɗaki ba baƙo ba ne a takarda. Hukumar Lafiya ta Duniya kuwa ta ƙiyasta cewa ɗaya cikin kowane yara bakwai 'yan shekara 10 zuwa 19 yana fama da wata larurar ƙwaƙwalwa. In aka ɗora wannan lissafi a kan ajin da na leƙa, ana maganar yara fiye da goma ke nan a ɗaki ɗaya.

Da aka tashi tara na samu wasu 'yan aji shida a inuwar darbejiya suna cin awara. Sun ɗan yi nauyin baki, sai da ɗaya mai kaifin harshe ta fasa. Ta ce ita ko da kuɗi ba za ta shiga ɗakin nan ba, domin in aka ga kin fito, kafin a tashi an yanke miki hukunci: ko ciki kika yi, ko kin fara taɓuwa. Daga nan sai a laƙa miki 'yar Dawanau, wato garin da asibitin masu taɓin hankali yake. Ta kusa da ita ta ce ita tsokana ba ta dame ta ba, amana ce babu. Wata ƙawarta ta taɓa buɗe wa wata malama cikinta a kan zaman da take yi da kishiyar uwa. Washegari zance ya zagaye ɗakin malamai, aka kira mahaifin, yarinya ta koma gida ta sha duka don ta tona asirin gida. Tun daga ranar, in ji ta, kowa ya kama bakinsa.

Na tambaye su me ke hana su barci. Kusan tare suka ce kwalifayin, jarrabawar tantancewa da sai an ci gwamnatin jiha ke biya wa ɗalibi kuɗin NECO. Wadda ta faɗi, in gidansu ba hali, karatu ya tsaya ke nan. Akwai wadda ake shirin yi wa aure ba ta so, akwai wadda uwarta ta rasu ƙanne suka dawo wuyanta, akwai wadda aka yaɗa hotonta a WhatsApp har ta daina son zuwa makaranta. To wa suke faɗa wa? Ƙawa, ko yaya, ko malamar Islamiyya. Wasu sukan rubuta a waya cikin habaici, don a gani amma kada a gane.

Daga nan muka nufi ɗan masallacin makaranta. Nan ake kawo yarinyar da ta yanke jiki ta faɗi a asambuli tana ihu, a ce aljanunta sun tashi, a kira malamin addini ya yi mata ruƙiyya. Tsofaffin malamai har yanzu suna tuna zamanin Sumbuka, a tsakiyar shekarun 1990, lokacin da 'yan mata suka riƙa faɗuwa rututu a makarantun Kano. Ban ga laifin addu'a ba, malamar gaidans ma ba ta hana ta. Abin da ya ɓata mini rai shi ne, in yarinya ta farfaɗo sai a shafa mata ruwa a mayar da ita aji, babu mai zaunar da ita ya tambaye ta ko ta karya, ko me ya faru a gida jiya da dare. Ɗaliban da kansu suka ce gara a ce kana da iska da a ce kana da taɓin hankali, domin mai iska tausayinsa ake ji.

A watan Janairun 2023 Shugaba Muhammadu Buhari ya sa hannu a sabuwar dokar lafiyar ƙwaƙwalwa, wadda ta maye gurbin ta 1958. Amma likitocin wannan fanni a Nijeriya kaf ba su kai 300 ba, ga mutum fiye da miliyan 200. Yawancin yaran nan, malamar da ke wannan ɗan ɗaki ita ce ƙwararriya ɗaya tilo da za su taɓa gani.

Kafin a kaɗa ƙararrawar komawa aji 'yan matan sun faɗa mini abin da zai sa su shiga: a mayar da ofishin can ƙarshen gini kusa da laburare, a sa labule da sakata, a daina turo masu laifi can, a ajiye akwati mai kwaɗo da za a jefa takarda ba tare da suna ba, kuma mai sauraron su kada ta zama wadda za ta duba takardar jarrabawarsu. Babu ɗaya a ciki da ya fi ƙarfin shugabar makaranta da ƙungiyar iyaye da malamai. Ina roƙon su da su yi shi kafin a shiga sabon zangon karatu.