Yaron da fensir ya buɗe wa baki

IDAN ka shiga wani ɗan shago da ke Titin Gidan Zoo a Kano, inda ake tace finafinai, za ka ga wata takarda manne a bango, daidai saman kwamfuta. Zanen yara ne: kwalekwale, shuɗin ruwa, da wani dogon mutum riƙe da koma. Furodusoshi kan tsokani mai shagon, wai me edita guda zai yi da wannan jagwalgwalo? Shi dai sai ya yi murmushi ya ci gaba da aikin sa.

Ɗan yayar sa ne ya yi zanen. A watan Janairu na 2015, sa'ad da 'yan Boko Haram su ka afka wa garin Baga da ke bakin Tafkin Chadi, yaron ya na da shekara 8. Uban sa masunci ne, kuma a kan idon sa aka kashe shi. Uwar ta gudo da shi Maiduguri, daga can ƙanen nata ya aika da kuɗin mota su ka iso Kano.

To, yaro ya iso lafiya ƙalau a jiki, amma magana ta ɗauke. Wata uku ko "Kawu" bai ce ba. Cikin dare sai ya farka da ihu, ya jiƙa tabarma. An yi addu'a, an sha rubutu, maƙwabta kuma kowa da tasa: wannan ya ce iska ce, wancan ya ce kurma ya zama.

Shi editan mayen finafinan Indiya ne. Wani dare ya sake kunna 'Taare Zameen Par', fim ɗin da Aamir Khan ya ba da umarni a 2007. Darsheel Safary ne ya fito a matsayin Ishaan, yaron da haruffa ke rikice masa, kowa na yi masa kallon daƙiƙi, har iyayen sa su ka tura shi makarantar kwana. Malamin zane ne ya gano damuwar sa, bayan ya ga wani ɗan littafi da yaron ya zana iyalin su, inda a hankali ake raba ƙaramin da sauran. Editan ya san ciwon Ishaan daban, na ɗan yayar sa daban. Amma wannan fitowar ta hana shi barci.

Washegari ya sayo littafin zane da fensira masu launi, ya aje kusa da yaron, bai ce komai ba. Sai a rana ta huɗu yaron ya ɗauki baƙi da ja. Gidaje na cin wuta. Mutane a kwance. Babura. Da uwar ta gani sai ta fashe da kuka, ta kai hannu za ta yaga.

"Yaya, don Allah ki bari," inji editan. "Wannan ce maganar farko da ya yi mana."

Ya kwashi takardun da yaron ya kai wa wata likitar ƙwaƙwalwa. Ta bayyana masa cewa abin da ya fi ƙarfin harshen yaro, sau da yawa hannun sa na iya fitar da shi, kuma aikin shafa launi shi kan sa ya na kwantar da jiki. Ta kafa masu sharuɗɗa: kada a gyara masa zane, kada a ce ya yi kyau ko muni, kada a tsare shi da tambaya, kuma kada zane ya hana su dawowa asibiti.

Ashe abin ya na da tarihi. Wani mai zane ɗan Ingila, Adrian Hill, shi ya raɗa wa wannan hanya suna a 1942, bayan ya ga yadda zane ya taimake shi lokacin da ya ke jinyar tarin fuka. Ko a Nijeriya, a shekarun 1950, Bajamushen nan Ulli Beier ya riƙa kai wa masu taɓin hankali kayan zane a gidan jinya na Lantoro da ke Abekuta.

Sannu a hankali shuɗi ya fara shigowa takardun. Wata rana da la'asar yaron ya zana wancan dogon mutumin, ya turo wa kawun sa, ya ɗora yatsa a kai, ya ce, "Baba." Allah Sarki! Editan da ya saba yanka fitowar kuka kamar ba komai ba, ran nan sai da ya rufe shago.

Yau yaron ya zama saurayi, ya na taya kawun nasa tsara fastocin finafinai. Har yanzu ƙarar knockout ɗin yara ta kan firgita shi, kuma wani daren ba ya samun barci.

Kwanan baya wani furodusa ya kawo aiki, akwai fitowar da yara ke bin mahaukaci da jifa, an ce a ɗora kiɗan ban dariya. Editan ya ɗaga kai ya dubi bango, ya ce, "Alhaji, ka yi haƙuri, ko a cire wannan, ko ka kai wani shagon."

Alhaji ya kwashi kayan sa ya kai wani shagon.